Robar Baffa Sule

Ranar Asabar ce, ana saura mako guda Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji biyar. Na bar ƙawayena suna wasan tsalle da tafi da muke kira ampe a bakin babbar kwatar unguwar Maamobi, na ɗauki kwanon tuwon Baba zuwa rumfarsa ta kafinta. Tun daga nesa nake jin tas-tas ɗin bindigar ƙusa, wadda ƙanensa Baffa Sule ya sayo cikin tsofaffin kayan Turai. Na isa na tarar da Baba a durƙushe cikin garin katako, ƙusa ta shiga bayan hannunsa na dama ta kafe shi da ƙafar kujera. Bai yi ihu ba, salati kawai yake, gumi na zubo masa.

Ita bindigar nan, waɗanda suka ƙera ta ba mahaukata ba ne. Sai ka danna bakinta a jikin katako, sannan ka ja kunama, kafin ta harba. Amma Baffa, sarkin gaggawa, ya ce wannan ɓata lokaci ne ga mai kujerun Sallah a gabansa. Ya yanko roba daga tsohuwar tayar keke ya ɗaure kunamar tamau, ta zama duk abin da bakin ya taɓa sai ƙusa. Baba ya sha ce masa, "Sule, sauri ya haifi nawa." Shi kuwa sai dariya: "Yaya, bar tsoro koraa, ko kaɗan kar ka ji, bindiga ya san hannuna." A ranar Baba ne ke riƙe masa katako, bindigar ta yi tsalle ta dira a kansa.

Abin da ke tafasa min zuciya har yau shi ne abin da ya biyo baya. Gidanmu ya cika da 'yan dubiya daga unguwarmu ta Nima har Tudu, kowa da bakinsa ɗaya: "Ƙaddara ce." Ni da nake wanke kofunan shayinsu a tsakar gida, na so in tambaye su ko ƙaddara ce ta yanko robar. Ba wanda ya ce wa Baffa uffan, wai kar a ɓata zumunci. Bayan Sallah na leƙa rumfar, robar tana nan yadda take.

Yatsun Baba uku ba su sake lanƙwasuwa ba. Guduma ta gagare shi, lomar tuwo ma haka. Mutumin da ke cin abinci kwano ɗaya da maƙwabta a ƙofar gida ya koma ɗaki da cokali, don ba zai sa hagu a kwanon jama'a ba.

Yanzu kowace rumfar kafinta a Nima da bindigarta, kuma ba na wucewa ban kalli kunamar ba. In na ga roba sai na tsaya na yi faɗa, yaran rumfar su ce Hajiya ta cika masifa. Su faɗa. Su ba su san hannun da ke gutsuro min lomar farko ba kafin ya ci tasa.