Jinin da Fure Ya Ɓoye

Inna, mahaifiyata, bandar kifi take yi a Wara, kuma tun tasowata ban taɓa ganin haƙoranta farare ba. Da goro da furen taba take goge su har su yi jawur, ado ne a wurin matan zamaninsu. To wa zai gane jini a bakin da aka riga aka rina ja? Sai da azumi ya raba ta da goro da rana na ga aswakinta jiƙe da jini.

Na ce, "Inna, dasashinki jini yake yi."

Ta ce, "Mugun jini ne ke fita. Ke mi kika sani?"

A lokacin haƙoranta na gaba, na ƙasa, sun fara girgiɗi. Da naci da baƙin rai na kai ta asibiti a Yelwa. Likitar haƙori ta kankare dattin da ya daskare a gindinsu kamar dutse. Ta ce ciwon dasashi ba ya zafi da fari, a ɓoye yake cin ƙashin da ke riƙe da haƙori. Ta nuna mata yadda ake goge baki, ta ce ta riƙa dawowa a kai a kai, kada ta jira zogi. Abin ya ba ni haushi. Na gama sakandare, an sa ni haddace sassan kifi, amma ba malamin da ya taɓa faɗa mini wannan.

Da muka koma gida, Gwaggo, yayar babana, ta leƙa bakin Inna ta ga giɓi inda dattin ya fita. Ta tafa hannu. "Wayyo! An sassaƙe miki haƙora kamar kwalekwale. Ki sake komawa su ƙarasa su."

Na ce, "Gwaggo, ke da sai an jiƙa miki ƙosai a koko, ke ce malamar haƙori?"

Ni aka yi wa faɗa. Rashin kunyata aka ji, ba a ji likita ba. Inna ta rantse ita da asibiti har abada, ta koma wa furenta. Na yi magiya, na yi fushi, na saya mata buroshi, ta wanke buta da shi.

Wata safiya da damina tana ɗaure kwandon kifi, ta ja igiya da baki kamar kullum, haƙori ɗaya ya biyo igiyar. Ko zafi ba ta ji ba. Ta daɗe tana kallonsa a tafin hannunta, sannan ta ƙulle shi a bakin zane, ta ce, "Ɗiyata, yaushe motar Yelwa ke tashi?"

Sauran haƙoran suna nan. Tana zuwa a duba ta, ta bar fure. Amma Inna da ake jin dariyarta tun daga bakin ruwa, yanzu sai ta kare baki da mayafi. Gwaggo kuwa har yau cewa take likita ce ta cire mata haƙorin.