Naso a Hular Malam Umaru

Duk hular da ka gani tana ƙyalli a Damba, nan cikin Gusau, ta bi ta hannun Malam Umaru. Tun yana saurayi yake wankin hula a gindin wata darbejiya, ya sa sitaci, ya jera su a rana, tsofaffin unguwa na kewaye da shi ana hira. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ce ta raba mu, don haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa. Kana miƙa masa hula zai juya cikinta ya hau ka da faɗa. "Kai wane irin mai kake shafawa? Dubi yadda ya yi naso har waje! Mai ba ruwa ba ne da zai zuba ka gani ka tare. A hankali yake tsattsafowa, sai ya gama kunyata ka sannan ka sani." Ka sha faɗa, ka kuma yi godiya, don babu mai wanki irin nasa.

Aibinsa ɗaya, nama. Balangu mai kitse, a zuba yaji har ya yi ja. Bara hawan jini ya kayar da shi a wurin aiki, likita ya hana shi kitse da gishiri. Autarsa Husna, ma'aikaciyar jinya ce a Tsafe, ta zo ta kafa masa doka a gabana: "Baba, wallahi ranar da Inna ta kama ka da nama, zuwa zan yi in ɗauke ka, ka zauna wurina in riƙa dafa maka da hannuna." Malam ya sha jinin jikinsa. A raba shi da gindin darbejiyar nan da abokan hirarsa, ai an gama da shi.

Daga ranar matarsa Saude ta zama mai gadi. Yana shigowa za ta laluba aljihun riga, ta laluba na wando, ta shinshina hannu. Wuri ɗaya ne ba ta taɓawa. Wace mace ce za ta cire wa mijinta dattijo hula daga kai? Malam ya lura da haka, ya kuma yi farin ciki da tarbiyyar da aka yi mata.

Wata rana cikin bazara, rana tsaka, ya sa Bashar mai balangu ya ƙunsa masa mai zafi a jarida. Ya ɗora ƙunshin a kan sanƙonsa, ya kifa farar doguwar hula, ya nufo gida yana takawa kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Niyyarsa ya shige ɗaki ya tura ƙofa. Kash! A ƙofar gida ya yi kiciɓis da Alhaji Isah, yayan Saude, saukarsa ke nan daga Bungudu.

Alhaji Isah kuwa in ya fara gaisuwa, sai ka nemi wurin zama. Malam ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, cikin rana. Aka gaida gida, aka gaida iyali, aka tambayi zafi, aka tambayi jiki. Aka isar da gaisuwar mutanen ƙauyensu Furfuri ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su aiko ba. Da aka kai ƙarshe, Alhaji ya ce, "To, ina gajiya?" aka koma farko.

Ina kan dakalina na ga wani ɗan tabo ya fito a saman hular. Ya yi ta faɗaɗa a hankali har ya kai baki. Can sai ga jan layi ya tsattsafo ta ƙarƙashinta, ya bi goshi, ya raba biyu, ɗaya ya gangara gefen hanci, ɗaya ya shige ido. Yaji ne fa! Malam na ƙifta ido, hawaye na zuba, bakinsa na cewa, "Lafiya lau, Yaya." Ni kam dariya ta kusa kashe ni.

Alhaji ya ɗago ya dube shi da kyau. "Innalillahi! Jini! Saude, fito, jinin ya fasa masa kai!"

Ya kai hannu zai cire hular, Malam ya danne ta da hannu biyu. Wannan ya ƙara tabbatar wa kowa ciwon kai ne ya tsananta. Mutane suka taru, wani ya tare keke mai ƙafa uku a kai shi asibiti.

Sai ga Saude a guje, ba takalmi, ba mayafi, matar da ko muryarta ban cika ji ta bayan katanga ba. Ta zube a ƙasa mai zafin nan ta riƙe ƙafafunsa tana kuka. "Malam, kada ka yi mini haka. Malam, dube ni, yi salati." A nan dariyata ta tsaya.

Da ya so, da ya shiga keken ya yar da ƙunshin a hanya, asirinsa a rufe. Na ga ya dubi keken, ya dubi matarsa. Sai ya ɗaga hular da kansa. Ga jarida ta jiƙe sharkaf, ga yankan albasa manne a sanƙo.

Alhaji Isah ya leƙa ya ce, "To, Alhamdulillahi. Na rago ne ko na sa?" Jama'a suka tuntsire. Saude ba ta yi dariya ba. Ta miƙe, ta kaɗe gwiwoyinta, ta shige gida. Kafin magariba motar Husna na ƙofar gida.

Kwanan baya na je Tsafe duba shi. Na same shi a tsakar gida da kwanon dafaffiyar kabewa, ya rame kaɗan, amma jiki ya yi kyau. Na ce, "Malam, kewar balangu ce ta sa ka zuru haka?"

Ya ture kwanon gefe. "Bar zancen nama. Tun da na auri Saude ban taɓa ganin ƙafarta a waje ba takalmi ba, sai ranar, kuma ni na jawo. Kullum ina kiranta a waya, ba ta ɗagawa. Don Allah in ka koma, ka roƙar mini ita ta ɗaga."