Ni da Ƙanena a Layin Masu Ciki

A gidanmu na Damri akwai ciwon da muka gada kamar gona. Mutum zai haura hamsin, tafin ƙafarsa ya fara zugi, daga nan tafin ya mutu ya daina jin komai, hannu ya bi baya. Haka ya kwantar da mahaifinmu, haka ya tafi da gwaggonmu. Mun daɗe da yanke hukunci cewa sanyin ruwan gonar shinkafa ne. Ni da na kai aji huɗu a firamare, ni ke ba da wannan fatawa, jama'a na gyaɗa kai.

Da ya fara taɓa ƙanena, takalmi na zame masa bai sani ba, sai na raka shi asibiti a Talata Mafara. Muka dace da wata likitar jijiya da kan zo daga Sakkwato. Ta saurari bayanina na ilimi har ƙarshe, cikin ladabi, sannan ta ce, "Baba, gwaggon taku ma shinkafa take nomawa?"

Matar da ko bakin fadama ba ta taɓa zuwa ba! Na gyara hula.

Ta ce tana zargin ciwon gado ne, amiloyidosis, sunan da har yau sai na zauna nake faɗinsa. Wani abu ne jiki ke tarawa a jijiya har ta yi kauri, kuma sikanin kan nuna kaurin tun ƙafa ba ta gama mutuwa ba. Magani ba ya warkarwa, amma yana rage wa ciwon gudu idan an riga shi.

"Sikanin?" in ji ƙanena. "Wanda aka yi ma masu ciki? Yaya, tashi mu tahi. In anka ji a kasuwa, ina za ni sa kaina?"

Ya miƙe da gaske. Na san idan ya fita ƙofar nan, sai dai a dawo da shi a ɗauke. Sai na tattare riga, na ce ai babba ke fara cin kunya, na haye gadon sikanin.

Ta shafa mini wani mai mai sanyi a wuyan hannu da bayan gwiwa, tana tafiya da na'urar a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a gero. A allo ta nuna mini jijiyata, sai ka ce saƙar zuma. Ban taɓa ganin mai natsuwa a kan aiki irinta ba.

"Likita, namiji na ko mace?" na tambaya.

"Sauka, Baba, ba ka da ciki."

Ƙanena ya yi dariya har da tari, ya kwanta. Tasa jijiyar ta fi tawa kauri, ko ni mai aji huɗu na gani. Aka ɗebi jininsa, gwajin ya tabbatar, aka ɗora shi a kan magani.

Har yau da ƙafarsa yake zuwa masallacin Juma'a. A hankali yake tafiya, amma duk hanya ni yake zargi da nawar tafiya.