Hoton Inna a Shafin 'Yan Kasuwa

Tsohon yana zaune a shagon kwamfuta yana jiran a buga masa takarda, idonsa na kan mutumin da ke kujerar ƙarshe. Daga gani magini ne: siminti ya tsattsaga masa yatsu, kafaɗar rigarsa ta koɗe. Yana laluben haruffa da yatsa ɗaya, a hankali, kamar mai tsoron kada wani abu ya fashe.

Shafin intanet yake haɗawa, na farko a rayuwarsa. A sama ya rubuta cewa mahaifiyarsa ta fita yau kwana arba'in, kuma tana da mantuwa. Yana ɗora hotonta, 'yar tsohuwa da lulluɓi, sai ga wani koren akwati ya fito a ƙarƙashinta.

"Hajiya, me wannan yake cewa?"

Mai shagon ta leƙo. "Cewa yake a saya. Ai na gaya maka, Malam, na kyautan nan na masu sayar da kaya ne."

"To cire mini. Inna ce fa."

"Bari in sallami Baba tukuna."

Bai yi musu ba. Ya sa babban yatsa ya rufe akwatin a jikin gilashin, ya zauna a haka. Allah kaɗai ya san asibitoci da tashoshin da ƙafafun nan suka taka kafin su kawo shi nan.

"Fara da shi, 'yata," in ji tsohon.

Ya sunkuyar da kai yana tunanin wanda ke da hotonsa cikin 'ya'yansa. Har yanzu bai tuno ko ɗaya ba.