Ustaz Bashir Basudane da Zanen da Ba Mu Gane Ba

Alhaji Mamman na Shema ne ya zo da labarin, da ya dawo aikin hajji ta ƙasa. Mun je yi masa barka da sauka, bai ko gama raba dabino ba ya dube ni ya ce, "Malam Isa, abokinka Basudane ya riga mu gidan gaskiya." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ustaz Bashir ya zo Dutsin-Ma tun Turawa ba su tafi ba, yana koyar da Larabci a makarantar da nake koyar da lissafi. Hausarsa ba ta taɓa nuna ba. Har ya bar garin nan, da la'asar sakaliya "ina kwana" yake ce wa mutane. In an tashi makaranta sai ya ɗauki shuni da jar ƙasa, ya hau keke zuwa Kurfi, ya zauna gaban tsofaffin zauruka yana kwafar adon da magina suka yi wa bango. Wasu suka ce ɗan leƙen asiri ne, wasu suka ce iska ce ta taɓa shi. Shi kuwa cewa yake, "Bango yana mutuwa kamar mutum, sai dai shi ba mai zuwa ta'aziyyarsa."

Wata ranar kasuwar Kurfi ya jera zane-zanensa a jikin danga don jama'a su kalla. Sarkin Fawa, wanda ya bar sana'arsa ya zauna aka zana shi, ya daɗe tsaye gaban nasa, sannan ya ce, "Malam, raƙumin ya yi kyau. To ni ina nake?"

Ustaz ya ce, "Ai kai ne wannan."

Daga ranar bai ƙara samun gyara a wajen nama ba. Kafin azahar kuma wata akuya ta cinye rabin wani zanen. Muka tashi za mu kore ta, ya hana mu. "Ku ƙyale ta," in ji shi, "duk kasuwar nan ita kaɗai ta nuna tana so." Ya faɗa yana dariya.

Alhaji Mamman ya ce a can ƙasarsu ma sai bayan rasuwarsa aka waiwaye shi. Ƙanen marigayin ya kai shi wani babban ɗaki a Hartum, zane-zanen a rataye, masu kwat suna gyaɗa kai ba mai ko tari. Can Alhaji Mamman ya hango zanen zauren kakansa na Kurfi da ya rushe da damina, ya ɗaga murya ya ce, "Wallahi gidanmu ne!" Aka roƙe shi ya yi a hankali.

Yanzu muna bin gida-gida muna tattara zane-zanen da Ustaz ya bar mana, za mu rataye su a ajinsa. Mun ciro ɗaya daga rufin akurkin hedimasta. Hajiya Kulu mai abinci kuwa ta ce nata ba ya fita sai an samo mata wani marfin randa.

Allah ya jiƙan Ustaz Bashir, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya 'ya'yansa cikin albarka. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.