Tiyon Malam Sabo

Duk wanda ya san taubashina Malam Sabo ya san ba ya wuce tiyo bai ɗaga ya leƙa cikinsa ba. Na ban-ruwa, na gas, na ƙarin ruwan asibiti, har na fetur ɗin babur ɗina bai tsira ba. Wallahi da zai ga maciji a miƙe, sai ya fara tambayar tsawonsa!

Tun da ya ajiye koyar da kimiyya a sakandare, ba shi da zance sai na wata 'yar na'ura mai gano muguwar iskar ƙasan rijiya, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kayar da mai yasa kafin ya yi salati. A zura tiyo, na'ura ta zuƙo iska, in da guba ta yi kuka. Damuwarsa ɗaya: iskar nan manne wa jikin tiyo take yi, balle in da laima, ba ta isowa sama sai tiyon ya ƙoshi.

"Kamar tuwon biki ne," in ji shi. "Sai masu rabo sun ƙoshi yake isowa zaure."

Ran nan a Kurugu ya zura tiyo ya harɗe ƙafa, masu yasa na tsaye da igiya. Maigidan ya gaji ya ce, "Malam, ai ta yi shiru, a bar su su shiga mana."

"Alhaji, tiyo ne bai gama ci ba."

Na ce, "Kai Sabo, rana za ta faɗi!"

Ya ce, "Ta faɗi. Ita ai gobe za ta fito."

Sai kuma ranar da uwargidansa Hajiya Ladi ta datse tiyon da yake shanyawa a kan rufin kwano, ta ɗaure akuya da shi. Kai, har Rogo an ji muryarsa! Don tsabar taurin kai ya ƙi sayen wani, ya gwada guntun da ya rage a wata rijiya mai guba, sai ga na'ura ta yi kuka nan take. Daga ranar ya koma saka ta a guga yana zurawa ƙasa da ɗan guntun tiyonta. Ya je ya durƙusa gaban akuyar ya ce, "Ranki ya daɗe, kin fi ni karatu."

Muna ta dariya. Ni na fi kowa.

Bara a hanyar Jajaye na matsa masa da tsiya, na ce wai wa ya naɗa shi sarkin rijiyoyi. Ya tsayar da babur. Duk kun san ƙanensa Idi a rijiya ya rasu. Abin da ban sani ba, ranar Sabo na wurin, da na'urarsa sabuwa fil da dogon tiyo jiƙaƙƙe.

Ya ce, "Ta yi shiru, na ce Idi shiga. Yana isa ƙasa ta fara kuka. Igiyar na hannuna, Garba."

Ya tayar da babur, muka kama hanyar gida.

Da damunar nan ciwon ƙirji ya tafi da shi. Masu yasar rijiya suka zo daga ƙauyukan da ban ma san ya taka ba, suka karɓe diga da shebur, suka ce ba wanda zai haƙa masa kabari sai su.

Allah ya jiƙanka, Sabo. Allah ya haskaka makwancinka, ya sada ka da Idi, ka ji daga bakinsa cewa ya yafe.