Ashe Inna tana jin Eggon

Jiya na ce wa matata da yaren Eggon, "Rage wa Inna sukari a shayi, kar ta gani." Da shi muke ɓoye wa mahaifiyata magana.

Sai Inna ta amsa daga kan tabarma, da Eggon tsaf: "Cokali uku, 'yata."

Na daskare. "Inna, yaushe?"

"Ba kai ka ce ko tsoho ƙwaƙwalwarsa na yin sababbin ƙwayoyi in yana motsa jiki yana koyon sabon abu ba? Wata shida nake takawa gidan mai doya tana koya mini."

Wata shida! Tun jiya nake tuno abin da muka faɗa a gabanta. Jama'a, wane yare ya rage mana a Lafia?